Kuɗin Hannun Hagu

A duk unguwar Ridina babu katangar da ta ga abin da katangar bayan gidan Alhaji Zakariya ta gani. Shi ma ya san haka, kuma ba ya barin kowa ya manta. In baƙo ya zo gaishe shi, kafin shayi ya nuna sai ya ja shi ta lungu, ya ɗora yatsa a kan ramukan da ke jikinta.

"Wannan harsashin yaƙin shekarar saba'in da tara ne. Waɗannan ukun na tamanin, lokacin da kowa ya tsallake kogi zuwa Kusiri, ni ina nan ina shan shayina. Wannan babban kuwa na dubu biyu da takwas. Taɓa ka ji. Ko gezau."

Matarsa Hajjo ta san shi ma ya tsallake kogin, ita ce ma ta riƙe masa takalma a cikin kwalekwale. Amma wata biyu kawai ya yi ya dawo, kuma shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa gyara masa labarin ba.

Kakansa ne ya gina katangar. Ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ƙafar ta kumbura a nan, ya ce bari ya huta damina ɗaya. Hutun ke nan. Ya kwaɓa ƙasa ya tayar da katanga mai kaurin kamu biyu, ya jingina ɗakuna uku a jikinta. A na tsakiya aka haifi Zakariya, a ciki yake kwana har ya kai shekara saba'in da takwas. Irin mutanen nan ba a sake yin su ba. Ya yi fataucin fata, ya yi na goro, an kwashe masa shago sau biyu ya sake cikawa, bai taɓa zama a aji ba amma babu mai takardar da ya taɓa cutarsa ko riyal ɗaya. Haka yake faɗa.

Abu ɗaya ne katangar take tsoro, shi ne ruwa. A gindinta lambatu ya wuce, wanda ke kwashe ruwan layin gaba ɗaya ya kai babbar magudana can ƙasa. In an yashe shi kafin damina, ruwa ya wuce abinsa. In ba a yashe ba, sai ya kwanta a gindin katanga, ƙasa ta yi ta sha. Shekara goma sha ɗaya a jere ana yashe lambatun nan tun daga sama har ƙasa, a zuba jar ƙasa mota bakwai a kan hanya, kuma Zakariya ne ke tsayawa a kai da sandarsa. Shi ya sa abokinsa Audu, mai sayar da kayan babur, yake kiransa Sarkin Lambatu.

Ga yadda abin ya samo asali. Autarsa Hafsa ta gama karatu ta sami aiki a wani ƙaramin banki da mutane ke kira bankin koren ƙofa. Aka ce mata aikinta ba zai tabbata ba sai ta kawo masu ajiya. Ta dawo gida tana kuka. Zakariya ya ɗauki sanda ya bi shaguna. Cikin wata guda ya kai mata mutum ɗari da arba'in da uku, 'yan kasuwar da iyayensu da kakanninsu ba su taɓa taka banki ba. Aka fito da kuɗi daga akwatunan ƙarfe, daga cikin katifa, wasu har da ƙurar tukunya a jikinsu. Aka ba kowa karne, ɗan littafin da ake rubuta ajiya a ciki.

Da shekara ta zagayo sai kowa ya ga kuɗinsa ya ƙaru da uku cikin ɗari. Hankali ya tashi. Kuɗin ruwa ne, riba ce, ba mai kai ta bakin 'ya'yansa. Aka je wurin limamin unguwa, ya ce kada a ci, kada a sa a masallaci, kada kuma a bayar da niyyar samun lada. A fitar da shi a zuba a wurin ƙazanta da zai amfani jama'a. Wurin ƙazanta kuwa ga shi nan a ƙofar kowa, yana wari.

Daga nan ya zama al'ada. Kowane watan Mayu kowa ya je ya cire abin da ya hau kan kuɗinsa, ba ragi ba ƙari. Ba a sa shi a aljihu ɗaya da kuɗin halak. Zakariya ya bi layi da baƙar leda a hannun hagu, kowa ya jefa nasa da hagu, yana kawar da kai. Ba a taɓa yin gardama ba, ba a taɓa cewa dawo gobe ba. Mutane har kiransa suke ya zo ya raba su da shi. A ƙarshe a tara miliyan huɗu da 'yan kai, a kira masu shebur da motocin ƙasa. In ya gama biyansu sai ya dawo gida ya wanke hannun hagunsa da sabulu sau uku.

A shekara ta goma sha biyu aka kawo sabon darektan reshen, wani matashi Kamaluddeen, ɗan gidan 'yan kasuwa ne shi ma, ya yi karatu a waje. Bayan damina ya aiko Hafsa ta ce yana roƙon Baba Alhaji ya zo su sha shayi. Zakariya ya sa babbar riga mai aska, ya ƙi hawa kilando, ya ce mutum irinsa ba a kai shi banki a bayan babur. Ya ɗauki tasi shi kaɗai.

Ɗakin darekta sanyi kamar randa. Kamaluddeen ya taso har ƙofa, ya rusuna, ya karɓi sandar da hannu biyu.

"Lale, Baba Alhaji, lale. An ce mini in ina son in san reshen nan, in fara da wanda ya gina shi."

"Ba su yi maka ƙarya ba, ɗana. Da na zo nan kujeru sun fi mutane yawa."

Aka zuba shayi. Kamaluddeen bai ɓoye komai ba, wannan dole a faɗa. Ya ce manyansa sun ɗora masa abu biyu da ba sa zama a tabarma ɗaya: ya ƙara yawan masu ajiya, kuma ribar banki kada ta ragu. Ma'aikatan da ke unguwar Mursal da masu sababbin gidaje a Guji duk suna kai albashinsu inda ake ba su ruwa mai yawa. In zai jawo su sai ya ɗaga daga uku zuwa huɗu da rabi. In ya ɗaga wa kowa, reshe ya faɗi. In bai ɗaga ba, ba mai zuwa.

"Sai na duba takardu, Baba, na ga abin mamaki. Mutanenka duk watan Mayu suna cire ruwan da muka ba su daidai wa daida. Aka ce wai ba ku ci. Gaskiya ne?"

Zakariya ya ajiye kofi. An taɓo inda yake so.

"Ci? Mu? Yaro, shekara goma sha ɗaya ko sefa ɗaya na kuɗin nan bai shiga cikin ɗayanmu ba. A kwata muke zuba shi. Da hagu nake ɗauka. Kuna tsammani alheri kuke mana, alhali kaya kuke ɗora mana. Mu jikokin mahajjata ne."

"To in na sauke muku kayan fa? Akwai asusu marar ruwa. Kuɗinku na nan lafiya, ku cire ranar da kuka so, ba abin da zai hau kansa. Abin da nake ba ku ba ku so, sai in ba masu so."

Hafsa tana tsaye a bakin ƙofa da takardu a ƙirji. Ta ce, "Baba, kuɗin lambatu fa?"

Bai ko waiwaya ba. "Ana maganar manya, Hafsatu."

"Baba, da kuɗin nan ake yashe—"

"Na ji. Kurma ne ni? Mutum ɗari da arba'in da uku, masu shaguna, masu motoci, su kasa yashe kwatar ƙofar gidansu da kuɗin guminsu? Da ma abin kunya ne a ce sai da ƙazanta muke gyara unguwa. Baɗi da halak za mu yi, har lada mu samu." Ya juya ga darekta. "Kwana nawa kake so in kawo maka su?"

"Ko wata biyu ya yi, Baba."

"Mako ɗaya."

Kwana biyar ya ɗauka. Shi ya fara dangwala yatsa, na dama, da ƙarfi har takardar ta huje. Liman ya sa albarka. Audu ne kaɗai ya tsaya yana juya hula a hannu.

"Sarkin Lambatu, ka san mutanen nan kuwa?"

"Na san su tun ba su iya ɗaura wando ba."

"Ni ma shi ya sa nake tambaya."

Amma shi ma ya dangwala. Aka rataya babban kyalle a jikin bankin da lamba huɗu da rabi a rubuce da ja, wadda ko Zakariya yana iya karantawa. Duk lokacin da ya wuce sai ya nuna wa na kusa da shi ya ce, "Ni na ba su wannan."

Mayu ya zo da zafinsa. Zakariya ya sayi farar jaka sabuwa, ya riƙe da dama, ya fara daga saman layi.

Na farko ya ce kaya sun maƙale masa a kan iyaka, a dawo bayan mako biyu. Na biyu ya ce kuɗin makarantar yara uku ne a gabansa. Na uku ya tambayi nawa na farko ya bayar. Wani ya ce shi gidansa a kan tudu yake, ruwa bai taɓa shigar masa ba, ya kamata na gangare su fi bayarwa. Wani mai motoci huɗu, wanda bara ya jefa dubu ɗari biyu a baƙar leda yana godiya, ya zaro dubu biyu, ya dube ta gaba da baya, ya miƙa.

"A yi haƙuri da wannan, Alhaji. Kasuwa ta mutu."

Ba wanda ya yi masa rashin kunya. Kowa ya ba shi kujera, kowa ya kawo ruwan sanyi. Kwana tara yana zagaye. Ranar ta tara ya zauna a shagon Audu ya zazzage jakar a kan benci, Audu ya ƙirga.

"Dubu tamanin da shida. Da nawa a ciki, dubu goma."

"Za su kawo. Sun yi alkawari."

"Zakari, ba za su kawo ba. Wancan kuɗin ba shi da mai shi, shi ya sa yake fita da gudu. Wannan kuwa kowane riyal da sunan wani a goshinsa. Na ragon layya ne, na maganin tsohuwa ne, na kayan ɗakin 'ya ne. Wa zai ɗauki na ragon layya ya zuba a kwata?"

Zakariya ya buɗe baki zai ba da labarin yadda ya tara kuɗin rufin masallaci a rana ɗaya a shekarar tamanin da biyar. Sai ya ji labarin ya ƙi tasowa. Ya mayar da kuɗin jaka ya tashi.

Washegari ya koma bankin, wannan karon a bayan kilando. Ya tarar da layi har waje, maza da kwat, mata da jakunkunan hannu, ba fuskar da ya sani. Ya jira kusan awa kafin a shigar da shi. Kamaluddeen ya taso kamar wancan karon, ya karɓi sanda.

"Ɗana, a mayar mana da ruwanmu."

Kamaluddeen ya zauna a hankali. "Baba, wanne?"

"Wanda kuke ba mu. Na bana. Za mu zuba a inda muka saba."

"Na bana babu shi. Tun Nuwamba kuɗinku ba ya haihuwa, da yatsunku kuka sa." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Ka ga mutanen can? Ɗari tara da wani abu ne sababbi. Abin da na daina ba ku, shi na haɗa da wani nake ba su. Ya riga ya tafi. Ko yau kuka koma tsohon asusu, sai baɗi war haka za ku ga wani abu. Kuma in kuka koma gaba ɗaya, lissafina ya karye, sai in rage wa waɗancan, su kuma su kwashe nasu su tafi. Wallahi Baba ban san abin zai kai ga haka ba. Kai ka ce da halak za ku yi."

"Na faɗa."

"Abin da zan iya, akwai baro biyu da shebur shida da muke bayarwa na taimakon unguwa. Da sunan banki a jiki."

Zakariya ya kalli yaron. Ya nemi fushi a cikinsa bai samu ba. Babu ƙarya ko ɗaya a maganar. Sai ya ji kansa yana tambaya, "Su waɗancan, ci suke yi?"

"Kuɗinsu ne, Baba. Ban tambaye su ba."

Da ya fito ya tsaya a tagar Hafsa ya tura mata karnensa.

"Cire duka."

Ta buɗe, ta rufe. Ita da darekta ne kaɗai a duniya suka san abin da ke ciki. Mutumin da ya kawo wa banki miliyan ɗari da arba'in na mutane, nasa dubu ɗari uku da goma ne. Sauran sun tafi a auren 'ya'ya da jarin da aka ba 'yan'uwa bai dawo ba.

"Baba, wannan ba zai yashe layin ba. Ko rubu'i."

"Zai yashe bayan gidana."

"In ƙasa a toshe yake, ina ruwan zai bi?"

"Ke aka haifa a gidan ko ni?"

Ta ƙirga masa. Ya karɓa da dama.

Ya ɗauki masu shebur takwas. Kwana huɗu suna aiki a bayan gidan, taku sittin, suka yashe har suka tarar da ƙasa mai tauri. Ya sa suka ƙara zurfi, ya ce a yi shi yadda ba a taɓa yi ba. Ya tsaya a kai da sanda, ga baro biyu masu sunan banki suna kai da kawowa. Da aka gama, bayan gidan Alhaji Zakariya ya fi ko'ina kyau a Ridina. Sama da shi lambatu cike da leda da yashi da tsummoki. Ƙasa da shi ma haka, har ciyawa ta tsiro a kai. Audu ya zo ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Sarki, wannan ai rijiya ka haƙa."

Zakariya ya juya ya shige gida.

Ruwan Yuni ya zo kaɗan-kaɗan. Ramin ya cika, ya tsaya. Na Yuli ya zo ya tarar da na Yuni bai tafi ba. Ruwan layin duka ya gangaro ya sami wuri mai zurfi ya zauna, kore, da sauro a kai. Kowace safiya Zakariya ya zagaya ya duba katanga. Damshi ya hau taki ɗaya, ya hau biyu, ya kai ramin harsashin saba'in da tara. Ya sa aka kwashe ruwan da bokiti, washegari ya dawo. Daga baya ya daina sawa a kwashe. Yana zuwa dai ya duba, kamar mai zuwa gaida marar lafiyar da likita ya sallama.

Hajjo ta fara fitar da kaya daga ɗakunan uku ba tare da ta tambaye shi ba. Ta kai akwatuna zaure, ta kai gado rumfar tsakar gida.

"Wa ya ce ki taɓa gadona?"

"Ba wanda ya ce, Alhaji."

"Katangar nan ta ga tankar yaƙi."

"Ta gani. Ɗaga ƙafarka in ja tabarmar."

Ya ɗaga.

Ranar wata Talata a cikin Agusta aka fara ruwa da hantsi, bai tsaya ba har bayan azahar. Zakariya yana zaune a rumfa a kan kujerar roba, ruwa na gudu ta ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya yi tsammanin in ranar ta zo za a ji ƙara har kasuwa. Ba a ji ba. Katangar ta zauna ne kawai, kamar tsohuwar da ta gaji da tsayuwa. Rufin ɗaki na tsakiya ya bi ta, sannan na hagu. Na dama ya tsaya a karkace. Sai ga layin baya a fili, ga gidan maƙwabta, ga wata akuya a kan tudu tana kallonsa.

Hajjo ta yi salati. Zakariya ya dubi ƙafafunsa. Ya lura ruwa ya tafi da takalminsa ɗaya, ya bi shi da ido har ya fita ta inda ɗakinsa yake da.

Ba wanda ya ji ciwo. Da ruwa ya ɗauke mutane suka cika gidan. Masu shaguna, masu motoci, duk wanda ya ba shi kujera da ruwan sanyi a watan Mayu. Kowa ya ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya ce ai da an sani. Wasunsu ma ruwan ya shiga shagunansu ya jiƙa kaya. Mai motoci huɗu ya ce gobe zai je ya mayar da kuɗinsa tsohon asusu, wani ya ce shi kwashe nasa zai yi gaba ɗaya, wani ya ce a fara tambayar liman ko ya halatta mutum ya koma neman abin da ya riga ya tsarkaka daga gare shi. Suka yi ta yi a kansa. Zakariya yana jin su kamar rediyon gidan wani.

Audu ya shiga cikin taɓon har gwiwa yana tone-tone, ya dawo ya buɗe masa tafin hannu. Wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne, baƙi, ya lanƙwashe.

"Ga na dubu biyu da takwas ɗinka. Ashe ɗan mitsitsi ne."

Zakariya ya karɓa ya juya shi. Shekara goma sha shida yana nuna ramin abin nan, bai taɓa ganin shi kansa ba. Ya ajiye a kan hannun kujera. Da ya motsa ya faɗa cikin ruwa, bai sunkuya ba.

Kwana uku suna kwana a zaure. Ranar Juma'a da la'asar Hafsa ta zo daga gidan mijinta, ta tsaya ta kalli tudun ƙasar da ɗakin da aka haife ta ya zama. Sannan ta durƙusa a gaban ubanta ta fito da ambulan mai kauri.

"Baba, a kira masu bulo. Na siminti wannan karon. Zai tayar da katanga da ɗaki ɗaya."

"Ina kika samu?"

Ta ƙara tura masa ambulan ɗin.

"Hafsatu."

"Kyautar rabin shekara ce. Reshenmu ne ya fi kowane kawo sababbin mutane, kuma riba ba ta ragu ba. Aka raba mana. Darekta ma ya ƙara nasa kason a ciki, ya ce in gaishe ka, kunya ta hana shi zuwa."

Hajjo tana bakin murhu, ta daina fifita wuta. Audu yana gefe a kan benci, ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa.

Zakariya ya kalli ambulan ɗin. Bai yi makaranta ba, amma lissafi bai taɓa ɓace masa ba. Ya bi kuɗin da ido tun daga baƙar leda, zuwa jan rubutun kyallen banki, zuwa layin masu kwat, zuwa hannun 'yarsa. Ya jira ya ji ƙyama, ko kunya, ko wani abu da zai sa ya ɗaga murya ya ce shi jikan mahajjata ne. Ya jira. Abin da ya ji kawai shi ne sanyin ƙasa a tafin ƙafarsa marar takalmi, da warin lambatu da yanzu ke shigowa kai tsaye, ba abin da ya tare shi.

"Bulo nawa ne yanzu?" ya tambayi Audu.

"Ɗari huɗu da hamsin. In ka saya da yawa a rage maka."

"Ka ce su zo gobe da safe. Kada su kawo mini mai yashi da yawa, na san bulo tun ba a haife su ba."

Muryar ta fito ba ƙarfi, kamar yana karanta abin da wani ya faɗa. Ya miƙa hannu ya karɓi ambulan ɗin. Hajjo ta duba, Audu ma ya duba. Shi bai duba wane hannu ne ba. Ya tura kuɗin a aljihun da 'yan canjinsa suke, ya ci gaba da kallon inda katangar take da.